Kada Wanda Ya Kawo Furen Roba Kabarin Bubu Torika

Cikin alhini da ɗacin rai, Ƙungiyar Masu Tsabtace Kogin Rewa ta karɓi labarin rasuwar uwarta kuma shugabarta ta farko, dattijuwa mai daraja, jagorar matan coci ta ƙauyen Vunidilo, Bubu (wato Kaka) Torika Ravuiwasa, wadda ta cika ranar Talata a asibiti tana da shekara saba'in da ɗaya, sanadin yankan da wani tsohon gwangwani ya yi mata a ƙafa cikin taɓon bakin kogi, ciwon da ya haɗu da ciwon sukarinta ya ƙi warkewa. Muna miƙa ta'aziyyarmu ga ɗanta Apakuki, da 'yarta Salaseini, da jikokinta tara, da mai girma dagacin Vunidilo, da Fasto da dattawan coci, da matan kasuwar Nausori da ta yi shekara arba'in tana sayar da ƙaguwa a tsakaninsu.

Ga waɗanda suka san ta a hoto kawai, bari mu faɗi yadda aikinta ya fara. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce mijinta Semesa ya rasu, ta yi abin da kowa ke yi a nan: ta sayo kambun furen roba, ja wur, a naɗe cikin leda mai ƙyalli, ta ɗora a kabarinsa a maƙabartar bakin kogi. Damina ta zo, ruwa ya hau maƙabartar kamar yadda yake hawa kowace shekara. Bayan wata huɗu tana neman ƙaguwa a bakin teku sai ta tarar da mataccen kunkurun ruwa, wayar kambu ta shaƙe masa wuya, a ƙyallen da ke jikin kambun kuma har lokacin ana iya karanta sunan Semesa. Tun daga ranar ba ta sake shiga kwalekwale ba tare da buhu biyu ba, ɗaya na ƙaguwa, ɗaya na ƙazantarmu.

Ta kwashe gorar lemo, da ledar taliya, da famfas ɗin jarirai da iyayensu ke jin nauyin binnewa amma ba sa jin kunyar wurgawa a ruwan da suke kama abincinsu. Ita ta shimfiɗa ragar da ke tare shara a bakin rafin Vunidilo, ita ta tara mu, samari goma sha huɗu da ba mu da aikin yi sai zaman shan kava, jiƙon saiwar nan mai kashe jiki, ta ce mana ko mu ɗauki buhu ko mu matsa mata daga hanya. A lokacin mutane Bubu Bola suke ce mata. Wasu kan jefa gora daga kan gada daidai kwalekwalenta, su ce sun rage mata wahalar nema. Mun san su, sun kuma san mun san su.

To ga abin da ya sa wannan saƙo ya fita daga yadda aka saba rubuta irinsa. Daga Laraba zuwa safiyar yau an kai kambun furen roba arba'in da ɗaya gidan marigayiya. Arba'in da ɗaya, mun ƙirga. Akwai na wani ɗan majalisa da bai taɓa amsa wasiƙarta ko ɗaya ba, akwai na wani kamfanin lemo da muke tsintar tambarinsa a cikin kifi, akwai na masu jifan gora daga gada. Kowanne a naɗe da leda, kowanne da rubutun zinariya wai an yi rashin jarumar muhalli. Kabarinta na kusa da na Semesa, taku ashirin daga ruwa, damina kuma saura mako shida. Wato abin da kuka shirya shi ne ku karrama ta da abin da za mu shiga taɓo mu tsamo a watan Disamba. Tir da wannan irin girmamawa.

A asibiti, gaban Salaseini, ta kama kunnena, ni mai wannan rubutu, ta ce: "Netani, ɗan bakin tsiya, in ka bari aka binne ni ƙarƙashin leda, kunnen nan zan dawo in cire."

Saboda haka, da izinin iyalanta da na mai girma dagaci, muna sanar da cewa ranar Asabar za mu tsaya a ƙofar coci da buhunanta. Ku zo da tabarma da zanen masi na ɓawon itace kamar yadda iyayenmu suka yi, ku zo da gwaza da kifi a ganye, ku tsinko fure daga bayan ɗakinku. Wanda ya zo da na roba, komai rawaninsa ko girman motarsa, da hannunsa zai saka shi a buhu. Wani babba ya ce mana furen gaske kwana uku yake yi ya bushe, na roba kuwa yana daɗewa. Mun sani. Kambun Semesa na nan rataye a ɗakin girkinta inda ta ajiye shi don kada ta manta, ja wur kamar yau aka sayo shi, ita kuwa jibi za mu binne ta.

Ubangiji Ya karɓi baiwarsa Torika cikin salama, Ya ba Apakuki da Salaseini da jikoki ƙarfin zuciya, mu kuma Ya ba mu kunya.

Sa hannu,
Netani Waqabaca
Kakakin Ƙungiyar Masu Tsabtace Kogin Rewa
Vunidilo