Na Ɗinka Aljihu Don Kada Hannuna Ya Yi Wa 'Yata Magana

Malama, ki taimake ni don Allah, kaina ya ɗaure. Ni tela ne, shekara ashirin ina taka keke, ban taɓa yanka yadin da na rasa gabansa da bayansa ba sai wannan.

Ina da 'ya mai shekara huɗu saura wata biyu, muna ce mata Maɓalli saboda ƙanƙantarta. Kurma ce. Ba mu gane ba sai da ta shekara biyu, ranar da dutsen guga ya faɗo daga tebur, kowa a shagon ya zabura, ita ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Tun kafin mu je asibiti ta riga ta ƙirƙiro mana magana da hannu. Ni sunana tafin hannu yana sama da ƙasa kamar ƙafa a kan keke. Uwarta ɗaurin ɗankwali. Surukata, wato kakarta, yatsu biyu a zagaye da ido saboda tabarau. Ita kanta kuwa ɗan tsunkule a wuyan riga. Da hannun nan ta taɓa ba ni labarin kyanwar da ta haihu a cikin ƙyallayena, har da yawan 'ya'yan, na je na duba na tarar haka ne.

Da aka sa mata na'urar ji a kunne, sai aka haɗa mu da wani malami mai koyar da irin waɗannan yara magana. Mutumin kirki ne, ba zan ci zalinsa ba. Ya ce muddin tana samun biyan buƙata da hannu, harshenta zai yi lalaci, don haka mu daina gaba ɗaya, ta dinga kallon bakinmu. Muka ce to. Amma hannu ba ya jin magana, kafin ka ankara ya riga bakinka. Shi ne na yi dabarar teloli: na ɗinka zurfafan aljihu a duk rigunana da rigunan uwarta na zaman gida, in za mu yi mata magana sai mu cusa hannu ciki. Surukata ta ce ita ta tsufa da wannan shirme, kada allurata ta kusanci kayanta. Har fushi na yi da ita.

Yau wata takwas ke nan. Kalma uku ta samu: Baba, a'a, da wani abu mai kama da ruwa. Ranar da ta ce Baba sai da na yi hawaye, ba zan ɓoye miki ba. Amma labari ya ƙare. Yarinyar da take tashi da surutun hannu yanzu sai cizo da jifa da birgima a ƙasa, mu kuwa mu rasa me take so.

Ana cikin haka wata mata mai bincike daga jami'a ta zo asibitin, tana nazarin yadda kuramen yara suke koyon harshe da tunani. Ta zauna da Maɓalli da 'yartsana da akwatuna, ta yi ta ɓoye abu tana sauya masa wuri. Da ta ji labarin aljihu sai ta ajiye biro. Ta ce ƙwaƙwalwar yaro a shekarun farko yunwar harshe take yi, ko ta kunne ya shiga ko ta ido, kuma wanda ya daɗe bai samu ba yakan sha wuya daga baya wajen lissafi da karatu da gane abin da ke zuciyar wani. Na ce to mu koma wa alamominmu na gida? Ta ce su ma ba su kai harshe ba tukuna, akwai cikakken yaren kurame mai ƙa'idojinsa. Malama, ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago? Wannan ya ce hannu yana kashe harshe, wannan ta ce rashin hannu yana kashe tunani, kuma duka biyun sun fi ni karatu. Uwarta kuwa sai kuka. Na kuma gano kakar tana yi mata maganar hannu a ɓoye a bayan ɗaki, kuma wurinta kaɗai yarinyar take dariya.

Abin da ya sa na rubuto shi ne na makon jiya. Ina tsaye a bakin shago ta zo ta zaro hannuna daga aljihu, ta riƙe shi tana kaɗa shi sama da ƙasa, wato sunana. Na mayar da shi aljihu. Washegari ta zo ta tsaya a gabana, ta cusa hannuwanta biyu cikin rigarta, tana kallon bakina. Tun ranar ban yi ɗinkin kirki ba. Ina so ta yi magana kamar kowa, ina kuma tsoron in na ci gaba zan rasa ta tana gabana. Wanne zan bi?

Telan da ya rasa inda zai sa hannunsa

*

Malam Tela, Allah ya sanyaya maka. Ka daina tuhumar kanka, ƙauna ce ta ɗinka aljihun nan, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Malamin ba maƙiyinka ba ne. An daɗe ana koyar da abin da ya gaya maka, kuma kalma ukun nan da guminsa a ciki. Kada ku cire na'urar, kada ku bar darasin. Sai dai na tuntuɓi masu wannan fanni, kuma abin da binciken yanzu ya fi karkata gare shi shi ne na matar jami'ar: ba a ga shaidar cewa yaren hannu yana hana yaro magana ba, abin da aka ga yana cutarwa shi ne yaro ya yi shekaru ba shi da harshe ko ɗaya. Na'ura tana taimakawa, amma ba kowane yaro take kai wa magana cikakkiya ba. Kalma uku ba su isa ɗaukar abin da ke cikin kan mai shekara huɗu ba. Cizon nan ba mugun hali ba ne, magana ce ta rasa ƙofa.

Saboda haka ba sai ka zaɓa ba, ku haɗa biyun. Ka nemi ƙungiyar kurame ko makarantarsu mafi kusa, ku sami babban kurma ya koya muku yaren sosai, kai da uwarta da kakar. Ku bar Maɓalli ta yi wasa da yara irinta. Alamominku na gida kada ku zubar, a kansu za a ɗora. Ka gaya wa malamin shawarar da ka yanke ido da ido, ka kuma sa a sake auna abin da take ji da na'urar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma naka bai bushe ba, amma kada ka ƙara wata takwas. Surukarka kuwa ka je ka ba ta haƙuri, ta riga ku gani.

Ɗinkin da ya rage maka ƙarami ne. Ka ɗauko rigunan nan ka ɗinke bakin aljihun. Gobe da safe ka durƙusa daidai tsayinta, ka zaro hannuwanta daga cikin riga, ka tsunkuli wuyan rigarka. Wata takwas ke nan ba ta ga ubanta ya kira sunanta ba.

Allah ya raya Maɓalli, ya buɗe mata hannu da baki, ya sa ka gaji da labarinta.