Ɗakuna a Cikin Albasa

Daren Laraba, 1956

Yau muka fara shiga ɗakin kimiyya a kwaleji. Malamin, wani dogon Bature mai Hausar 'yan koyo, ya ɓare albasa, ya sa siririyar fatarta ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu. Na kanne ido ɗaya na leƙa. Ikon Allah! Ɗakuna ne jere reras kamar gidajen ma'aikata a unguwar Doka, kowanne da ɗigo a tsakiya, sai ka ce mai gida ne zaune. Har yanzu in na lumshe ido, yawo nake a lungunansu.

Na ba Baba labari, shi da kullum yake so in bar boko in tsare masa rumfa. Ya ce, "Shekara talatin ina sayar da albasa a kasuwa, yau kai za ka gaya mini abin da ke cikinta? Lallai albasa ba ta yi halin ruwa ba." Raina ya sosu, na tashi.

Ɗazu na fito alwala, na hango shi a zaure shi kaɗai. Ya ɗaga ɓawon albasa saitin fitila, ya kanne ido ɗaya.