Tagogin Motar Marigayi Yayana Sun Hana Ni Sakat

Assalamu alaikum Baba Zailani. Don Allah ka taimake ni, na rasa inda zan sa kaina.

Ni direba ne, ina jigila tsakanin Daura da Mai'adua da wata tsohuwar bas da yayana Hafizu ya rasu ya bari. Da ita nake ciyar da marayunsa da nawa iyalin. Tun da damina ta kankama tagogin baya suke yoyo. Ka san tun zuwan Shari'a mata a baya suke zama, to su ruwan ke jiƙawa. Ran kasuwar Mai'adua wata dattijuwa ta sauka zaninta sharkaf, garin da ta ɗauko ya zama kunu. Ba ta zage ni ba, kallona kawai ta yi. Wallahi gara zagin. Yanzu in ina lodi sai mata su ce za su jira ta gaba.

Ba abin da ban cusa ba, tsumma, leda, sabulu, har kwalta na narka na shafa, rana ta buga ta dalalo kan kujeru. Nnaemeka mai kayan gyara ya ce sai an cire gilasan, ni kuwa tsoro nake su fashe. Haulatu, matar marigayin, ta ce a sayar da motar kowa ya huta. Mahaifiyarmu da ta ji sai kuka, wai in ta ga motar kamar ɗanta ta gani. In hadari ya haɗo manoma na murna, ni gabana faɗuwa yake, har kunyar Allah nake ji.

Direba Mai Neman Mafita, Daura.

Wa'alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan Hafizu, ya saka maka da alheri kan riƙon zumunci.

Nnaemeka ya faɗa maka gaskiya. Robar da ke riƙe da gilashin ce ta bushe ta tsattsage, toshiya daga waje ba ta magani. Kada ka cire da kanka, kai wa mai gilashi. A kankare tsohon gam da kwaltar nan tas, in akwai tsatsa mai walda ya gyara. A bar wurin ya bushe sarai, sannan a sa sabuwar roba da gam. Ka zaɓi ranar da gari ya washe, kuma kada ka yi lodi sai gam ya kama. Fara da taga ɗaya, ka kwara mata ruwa da buta ka gani.

Batun sayarwa kuwa, kada ka ga laifin Haulatu, cikin 'ya'yanta take dubawa, kuma motar gadonsu ce. Hawayen Inna ma ba na banza ba ne. Ka fara gyarawa, sannan ku zauna gaban wani malami da dattawan gida. Ko sayarwar za a yi, motar da ba ta yoyo ta fi daraja.

Dattijuwar nan kuma ka neme ta ka ba ta haƙuri. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a nema.