Wanda Ya Tuƙo Motar Daga Hanyar Badar

Madina Munawwara, 8 ga Shawwal 1429

Zuwa ga mai girma Kawuna Alhaji Rabo, shugaban direbobinmu 'yan Maraɗi da ke Jidda, tare da dattawan da ke zama a gefensa.

Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan Kawu ya yi Sallah lafiya, ƙafar da ke damunsa ta yi sauƙi, Inna Kaltuma da yara kuma suna cikin alheri.

Da farko ina sanar da Kawu cewa wannan takarda da hannuna na rubuta ta. Wata bakwai ina zuwa ajin Malam Issoufou bayan La'asar. A cikinmu mu tara ni ne na biyu, amma na ɗayan ya taɓa boko yana yaro, saboda haka a ganina ba a lissafa shi.

Na biyu, wani al'amari ne da ya shafi sana'armu, kuma ya kamata shugabanni su ji shi daga bakin mai lura. Kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, Ustaz Fahad, wanda Kawu ya san kakanninsa Katsinawa ne, yana da baƙi 'yan Iran a funduƙinsa, wato otal ɗinsa, da ke kusa da Harami. A cikinsu akwai wata mata, Mariyamu, daga garin Ahwaz, tana jin Larabci. Ta zo Umra da mahaifinta tsoho. Mahaifiyar Ustaz, Hajiya Iyatu, ta ɗauke ta kamar 'ya, kullum ni ke kai su masallaci da kasuwar dabino.

Jiya a mota, Sundus 'yar Ustaz ta fito da wata jaridar Turawa tana fassara mana. Wai a Iran an ƙera mota musamman domin mata: ba ta da kuloci, tana kuka idan za a bugi abu ta baya, jak ɗinta kuwa da yatsa ake ɗaga shi, kuma launinta irin na kayan jarirai. Mai jaridar yana dariya, ya ce ina amfanin mota ga matar da ba ta da ikon leƙa ƙofa. Ni ma haka nake ji a gidajen rediyon Turai shekara da shekaru, har ina tausaya wa Mariyamu, ina rage gudu saboda na ɗauka ba ta saba shiga mota ba.

Sai Mariyamu ta ce shekararta goma sha shida tana tuƙi, kuma ita ke sayar da motoci a wani shago a garinsu. Ta ce mai jaridar bai san su ba, masu ƙera motar kuma sun raina su, don ita da a-kori-kura mai giyar hannu ta koya. Ta ce matsalolinsu suna nan da yawa, amma ba waɗanda ake rubutawa daga nesa ba ne, kuma fenti ba ya maganinsu.

Kawu, na rasa inda zan ajiye wannan magana. Idan a kulle suke, wa zai sayi motar? Idan ba a kulle suke ba, don me rediyo ya faɗa? Idan kuma an yi motar don girmama su, me ya sa ita take fushi? Hukuncina dai shi ne cika baki take yi don kada ta ji kunya a gaban Sundus. Amma ina ba dattawa shawara su sa ido, domin ranar da irin wannan mota ta shigo Mamlaka, wato ƙasar nan da muke zaune, inda mace ba ta taɓa sitiyari, mu direbobin gida sai mu koma noman gero.

Jibi Alhamis zan kai su ukun, Hajiya da Sundus da Mariyamu, gonar dabinon Ustaz da ke Badar.

A gaida kowa da kowa. Ɗanka mai biyayya,
Lurwanu, direba kuma marubuci.

Madina Munawwara, 22 ga Shawwal 1429

Zuwa ga mai girma Kawuna Alhaji Rabo, shi kaɗai. Kada a karanta wannan a majalisa.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, ina roƙon Kawu ya yi haƙuri da karkatar rubutun, domin da yatsu biyu nake riƙe da alƙalami. Na san labari ya iso Jidda cewa na tuƙo mota kilomita saba'in da ƙonannun hannaye na ceci ran Hajiya. Ga yadda abin ya faru.

A hanyar dawowa, wajen Azahar, muna tsakiyar duwatsu, Mariyamu ta leƙo daga baya ta ce tana jin warin ruwan lagireto, in tsaya in duba. Na amsa mata cikin natsuwa cewa shekarata ashirin a kan hanya, kuma abin da take ji ƙamshin dabino ne. Ba a yi minti goma ba allurar zafi ta hau, hayaƙi ya taso. Na tsaya, na ɗaga bonet. Ta ce kada in taɓa murfin sai ya huce. Kawu, da namiji ne ya faɗa da na bari, domin ni ma na sani. Amma a gaban mata uku na ga bai dace a koya mini ba. Na murɗa. Ruwan ya wanke mini hannu biyu har gwiwa.

Babu sabis a wayar kowa. Tirela ɗaya ta wuce ba ta tsaya ba. Hajiya mai ciwon suga ce, zafi ya fara ɗaukarta, tana kiran sunan mijinta da ya rasu. Ina zaune a bakin kwalta ina hawaye, Mariyamu ta naɗe mini hannaye da jiƙaƙƙen mayafi, ta nemi sukundireba a but, ta gano tiyon da ya kwance ta ɗaure shi. Ruwan sha ya ƙare a kan hannayena, sai Hajiya ta ce a zuba jarkar zamzam ɗinta. Har yau ban san hukuncin wannan ba, kuma ba ni da malamin da zan iya tambaya.

Daga nan Mariyamu ta miƙo hannu ta ce: "Ya Lurwanu, mabuɗin." Na gaya mata doka ta hana, iƙamata, wato takardar zamana a ƙasa, za ta tafi. Hajiya ta buɗe ido ta ce da ni da Hausar Katsina: "Ba ta, ja'iri, ko so kake in mutu da iƙamarka?"

Na ba da mabuɗin. Mariyamu ta ɗora shimag ɗina, gyalen nan da maza ke rufe kai da shi, a kan mayafinta, ta sa baƙin gilashina, na zauna a gefenta. Kawu, wajibi ne in faɗi gaskiya: tana canja giya ba a jin motsi. A shingen taftish, inda ake binciken motoci, askari ya ɗaga mata hannu muka wuce. A bayan katangar mustashfa, wato asibiti, muka sauya wuri, na lallaɓa sitiyari da gwiwar hannu na shigar da motar ta ƙofa. Abin da ma'aikata suka gani ke nan, abin da suka gaya wa Ustaz ke nan.

Yanzu Ustaz ya sumbaci kaina a gaban mutane, ya yi alkawarin kawo matata Tasallah Umra da zarar an buɗe bizar Umra, ta zauna da ni wata uku. Shekara huɗu ban gan ta ba. Hajiya ta ce in rufe bakina. Mariyamu ta koma ƙasarsu, ta bar mini takardar tallar motar matan, ta ce in ajiye, wataƙila irinta ce ta dace da ni tun da tana kuka kafin a yi ɓarna. Ban gane ko kyauta ce ko zagi ba.

Ustaz yana so in rubuta labarin da hannuna, Sundus ta fassara, a manna a funduƙi. Idan na rubuta yadda ake faɗa, rubutuna na farko da jama'a za su gani ƙarya ne. Idan na rubuta gaskiya, na ba mace mabuɗi, kuma Tasallah ba za ta zo ba. Ina jiran umarnin Kawu.

Ɗanka cikin damuwa,
Lurwanu.

Madina Munawwara, 29 ga Shawwal 1429

Zuwa ga mai girma Kawuna Alhaji Rabo.

Bayan gaisuwa, ina fatan shirun Kawu lafiya ce. Da amsa ba ta zo ba, na rubuta gaskiya shafi biyu, na kai wa Ustaz a ofishinsa, na karanta masa da kaina, domin yana jin Hausa ko da yake da Larabci yake amsawa.

Ya saurara har ƙarshe. Ya kira mahaifiyarsa a waya a gabana, ta ce ita barci take yi tun daga Badar. Ya kira Sundus, ta ce kanta na kan cinyar kakarta, ba ta duba gaba ba. Sai ya ajiye wayar. Ya ce abu biyu ne a gabansa. Ko dai direbansa ya miƙa wa baƙuwa motarsa da mahaifiyarsa a kan titin hukuma, wanda dole ya sallame shi a makon nan, ko kuwa rana da zafin ƙuna sun taɓa kan jarumi har yana ganin abin da ba a yi ba. Ya ce in zaɓa masa wanda zai yarda da shi.

Kawu, na tuna Tasallah. Na ce rana ce.

Ya ninke takardata ya sa a aljihu, ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Da zan fita ya tambaye ni, yana kallon taga, ko a cikin mafarkin nawa matar ta iya shan kwana. Na ce ta iya. Ya gyaɗa kai.

Zuwan Tasallah yana nan. An karɓi mabuɗi daga hannuna sai likitan ƙwaƙwalwa ya duba ni, yanzu ina tsaye a ƙofar funduƙi ina nuna wa alhazai hanyar Harami. Direbobin unguwar Aƙiƙ duk sun ji. Idan na wuce sai su tambaye ni mata nawa na gani yau suna tuƙi. Malam Issoufou ya ce in huta da zuwa aji tukuna, kada boko ya ƙara mini nauyi a kai.

Ban san ko Ustaz ya yarda da ni ba, ko ya rufa mini asiri, ko asirin gidansa ya rufe da ni. Ina roƙon Kawu ya adana wannan takarda, domin ita kaɗai ce wurin da hankalina yake cikakke.

Waɗanda aka yi abin a gabansu su ne: Hajiya Iyatu, wadda ta ce barci take yi, Sundus bint Fahad, wadda ta ce ba ta duba ba, Mariyamu ta Ahwaz, wadda ban san adireshinta ba, da askarin taftish, wanda ya ɗauka namiji ne ke tuƙi. Allah kuwa Shi ne mafificin shaida.

Ɗanka mai biyayya,
Lurwanu.