Wata Takwas Ina Rina Lagwani Da Ruwan Shayi

Daga admin: Wata 'yar'uwa ce ta turo daga Damagaram, ta roƙi a sakaya sunanta. A ba ta amsa da hankali.

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu ke nan na kasa zama wuri ɗaya, in zauna in tashi, in ɗora tukunya in manta da ita a wuta. Admin ki rufa min asiri ki cire lambata, don akwai masu sayen kayana a gurup ɗin nan. Na san wasu za su gane ni ko ba suna, to wadda ta gane ni ta daure ta karanta har ƙarshe kafin ta yanke min hukunci.

Sana'ata yin kyandir, wanda mu a nan muke ce wa buji. Ba farin nan na butik, wato na kanti, da ake kunnawa in an ɗauke wutar kuran ba, nawa na ƙamshi ne, kakin zuma nake narkawa in zuba humra ko sandal, in juye a ƙananan kofunan gilas. Amare ne suka fi saye, da matan da ke son ɗaki ya riƙa ƙamshi ba tare da hayaƙin kasko ba. Shekara huɗu ina yi, kuma alhamdulillahi ya rufa min asiri. Amma in faɗa muku gaskiya ba ƙamshin ne ya yi min suna ba, waɗanda suka fi ni iya haɗa humra sun fi a ƙirga a garin nan. Abin da ya yi min suna shi ne lagwani, zaren nan na tsakiya da wuta ke kamawa.

Ina da gwaggo a Dogo, yayar mahaifina, ita ta riƙe ni tun ina shekara biyar da mahaifiyata ta rasu. Zan ce mata Gwaggo kawai. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta da ɗa a raye, kuma duk rayuwarta kaɗi ta sani, ta gurje auduga ta saɓe ta, ta shafa alli a yatsa ta murza mazari, a gefen tabarmarta na girma. Da zaren kanti ya cika kasuwa aka daina neman nata, sai ta naɗe mazarin a tsumma ta cusa a rufin ɗaki, ta koma zaman jiran abin da za a aiko mata. Lokacin da na fara buji ban san inda ake samun lagwani ba, sai na tuna da ita, na ce ta kaɗa min abawa, zare mai kauri, in tufka uku-uku in tsoma a kaki. Wallahi ya ci wuta lafiya lau, ba hayaƙi ba tartsatsi. Don murna na ɗauki hoton hannunta riƙe da mazari na sa a sitatus, na rubuta lagwanin Gwaggo, kaɗin hannu, audugar bayan gida. Har a takardar da nake mannawa jikin kofi haka yake a rubuce.

Ban san abin da na taɓo a zuciyar mata ba. Mace za ta shigo, ba ta ma shinshina kofin ba, lagwanin za ta fara kamawa da yatsu biyu ta murza, ta kai shi haske ta duba launi. In ta ga ya yi ruwan ƙasa-ƙasa sai ta gyaɗa kai ta ce wannan shi ne na gaske. Sun yi ittifaƙi cewa duk lagwanin da ya yi fari fat roba ce a cikinsa, wasu su ce waya, wasu su ce shi ke kawo ciwon kai da mura, wata ma ta rantse min tunda ta kunna na butik ita da maigidanta suke faɗa. Ban taɓa musa musu ba, ni ma har gishiri na riƙa ƙarawa, tunda ciniki ake. Akwai wata Hajiya a unguwar Birni, ita ce babbar mai sayena, ita ta jawo min rabin matan da nake da su, kullum faɗi take ita ko daga bakin ƙofa tana gane lagwanin butik da hancinta.

Ita kuwa Gwaggo sai ta dawo mutum. Ta shuka auduga a bayan ɗakinta, matan unguwa suka koma zama wurinta da hantsi, duk wanda ya shigo sai ta gaya masa zarenta a ɗakunan amaren birni yake ci, har Yamai ana kai shi. Matar da a da in na kira ta sai gaisuwa da ƙorafin gwiwa, ta koma tambayata biki nawa ke gaba, ta ce kar in bari zare ya yanke min. Har kumatu ta yi.

Bara bayan kaka zaren ya fara canzawa. Wani wuri kauri kamar igiyar guga, wani wuri siriri har ana ganin haske ta cikinsa. Wanda bai san buji ba zai ce ƙaramin abu ne, amma inda ya yi kauri wuta tashi take sama ta baƙanta kofi, inda ya yi siriri kuma ta nutse cikin kaki ta mutu. Na yi ta zaɓe ina yankewa ina ƙullawa, ƙorafi ya fara shigowa ɗaya-ɗaya, har ranar da wata amarya ta kira ni murya na rawa, ta ce wuta ta yi tsawo kofin ya fashe, ya ƙona mata mayafin tebur, Allah ya sa tana cikin ɗakin. Na je Dogo na lallaɓa na ce wa Gwaggo zaren nan na bana ya ɗan yi gudaji, ko ta riƙa sassautawa. Sai ta juya fuska bango, tuwon da aka kawo mata har na tashi tafiya ba ta taɓa shi ba. Ban iya jurewa ba, kafin in fita na janye maganata, na ce na gano laifin kakin ne, mai zuma ne ya haɗa min da wani abu.

Da na dawo na shiga kasuwa na samo lagwanin kanti, kitsattse, a naɗe a ƙwarya-ƙwaryar takarda. Na ƙona bakinsa don in gani, ya zama toka, bai narke ya dunƙule ba, wato auduga ce zalla. Na gwada shi, wuta tsaye cak daga sama har ƙasan kofi, ko ɗigon hayaƙi babu, ya ma fi na Gwaggo na farkon. Aibinsa ɗaya, fari ne fat. Kuma Allah ya gani na so in bi ta gaskiya, a wani fuwar, wato baje kolin masu sana'ar hannu, na jera guda goma da farin lagwani, na cire takardar Gwaggo, duk wadda ta tambaya na faɗa mata. Har aka tashi ba wadda ta ɗauki ko ɗaya, wata ta ajiye kofin tana goge yatsu a zani, ta ce ashe ke ma kin fara lalacewa. Bayan kwana biyu ina share tsakar gida na ga ganyen shayin da maigidana ya gama dafawa a gefen murhu, ya bar tabo a siminti, kalar zaren Gwaggo sak. Na jiƙa lagwanin a ruwan ganyen, na shanya, na ɗan goga shi a dutse ya tada gashi, na tsoma a kaki. In ya sha kaki ba mai ganin kitson. Tun daga ranar, wata takwas ke nan, duk bujin da ya fita daga gidana haka lagwaninsa yake, da sunan Gwaggo a jiki.

Abin da ya fi ba ni haushi, yabon ma ƙaruwa ya yi. Na taɓa gwada Hajiyar Birni don in huce, na ba ta kofi biyu kyauta, lagwani ɗaya ne daga naɗi ɗaya, ɗaya na rina ɗaya na bar shi fari, na ce ta gwada min. Bayan sati ta turo min saƙon murya mai tsawo, wai farin ya hana ta numfashi sai da ta sha magani, na Gwaggo kuwa tana kunnawa ta ji kanta ya sake, hannun tsofaffi albarka gare shi. Na saurara ina dariya, kafin saƙon ya ƙare dariyar ta koma min ciki.

Maigidana mushe ne, wato malamin makaranta, a lakwal yake koyarwa, kuma irin mutanen nan ne da ba su iya ganin abu su kau da kai. Ranar da ya tarar da lagwani a shanye muka yi ta. Ya ce wannan algus ne, ba shi da wani suna. Na ce auduga ce da auduga, ban cuci lafiyar kowa ba, hasali ma gobara na kawar daga ɗakunan mutane. Ya ce in haka ne me ya kai ni rini, kuma me ya hana ni cire takardar. Na ce yunwar gidan nan ba ta san takarda ba, ya ce kar in ɗora wa gidansa, shi bai aike ni ba. Tun daga nan in ya gama shayi waje yake kai ganyen ya zubar, ni kuma na koma sayen nawa. Muna gaisawa, muna cin abinci tare, amma in na kunna wutar narka kaki fita yake.

Duk wannan zan iya ɗauka, ba shi ya sa na rubuto ba. Gwaggo ba ta daina kaɗi ba. Duk sati biyu direban motar Dogo yana kawo min ƙulli, in aika mata da tukuicinta kamar kullum, in buɗe buhun da ke saman armuwar, kabad ɗin tufafina, in jefa. Buhun ya kusa cika. Watan jiya maƙwabciyarta ta kira ni ta ce in zo in ga hannun tsohuwar nan. Na tarar da hannun dama a kumbure tun daga wuyan hannu har yatsu, ko kofin ruwa da hannu biyu take ɗauka. Na kai ta likita, infirmiye, ma'aikacin jinya, ya duba ya ce gaɓoɓin sun ci, dole ta ajiye mazari gaba ɗaya, in ba haka ba yatsun za su ƙage, wata rana ko loma ba za ta iya kaiwa baki ba. A gabana ya faɗa, ta ce masa to.

Muna komawa gida ta ce in miƙo mata taskirar auduga. Na ce Gwaggo ba ki ji abin da aka ce ba? Ta dube ni ta ce, "Na ji. To in na daina, da me za ki kunna, 'yar nan? Ko so kike ki sa wa mutane na butik su gudu su bar ki?"

Wallahi maganar ta zo min har kan harshe. Na dubi bakinta yadda take faɗin na butik ɗin tana yamutsa fuska, irin yadda ni na koya mata, sai na haɗiye. Na ce ai akwai sauran zare da yawa a wurina, zai kai ni shekara. Nan take fuskarta ta canza, ta ce in zare ya yi saura to kasuwa ce ta mutu, in faɗa mata gaskiya ko an daina saye ne. Na ce a'a ana saye. Ta ce to in ana saye ya za a yi ya yi saura, ita ta san tsawon da take kaɗawa. Sai na ce wasa nake. Kafin wani ya ce in gaya mata na bar sana'ar, ku sani 'yan Dogo suna shigowa gari kullum, amarensu ma suna sayen bujina, kwana uku ba za a yi ba ta ji. Na gwada haɗa silin zarenta ɗaya da na kanti don a ce dai yana ciki, nan ma wutar tsalle take. Na ɓoye mazarin kafin in taho daga Dogo, ta aika aka aro mata wani.

Ranar Litinin direba ya kawo ƙulli. Na kwance zan jefa buhu, sai na ji zaren ya yi min wani iri a yatsa. Na kai shi haske. Na san murɗin zaren Gwaggo tun ban san karatu ba, kullum gefe ɗaya yake kwanciya, wannan kuwa ɗaya gefen ya kwanta, daga farkon ƙullin har ƙarshe. Na kira maƙwabciyarta, ta ce eh, hannun daman ya ƙi, da hagu take koyo yanzu, mazarin yana ta faɗuwa tana ɗauka, abin da take kaɗawa a yini ɗaya yanzu kwana huɗu yake cinye mata, kuma ta hana a gaya min.

'Yan'uwa ina tsoron Allah a kan matan da na sayar wa suna, wannan na sani, kuma ku faɗa min duk abin da ya dace in yi da su, zan ji. Amma ku fara da Gwaggo. In na gaya mata zarenta na wata takwas yana buhu ko sili bai shiga ɗakin kowa ba, hannunta zai huta, sai dai na ga yadda ta juya bango a kan kalmar gudaji kaɗai, ban san me wannan zai yi mata ba. In na yi shiru kuma za ta ci gaba har na hagun ma ya tafi. Jibi motar Dogo za ta koma, kuma na ce mata ina tafe. In tafi da buhun in ajiye a gabanta, ko in tafi hannu biyu in karɓi sabon ƙulli in ce sannu da aiki? Wadda ta taɓa riƙon tsoho ta gaya min, da wane baki ake fara irin wannan magana?