Yadda Maganar Baba Ta Tsira

Zuwa ga Yaya Iliyasu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Allah Ya ƙara maka ƙarfin jiki a can Fatakwal, Ya sa albarka a ciraninka. Mu nan Matameye lafiya lau. Inna ta warke daga tarin nan, matarka Najaha kuwa ciki ya fito, ta kusa ƙarar mana da tsamiyar gidan.

Yaya, saura kaɗan in aiko maka da mummunan labari, Allah Ya rufa asiri. Ka san tarihin gidanmu da marigayi Baba ya riƙa ba ni a jinyarsa ta ƙarshe, ina bugawa a ordinatar ɗina, wato kwamfuta. Babu shi a ko'ina sai nan, kai kuma ko kalma ɗaya ba ka ji ba. To, tun da Inna ta ji maganar mijinta na cikin na'urar, kullum da safe sai ta goge ta da gefen zane, yadda take goge masa rediyo. Ranar kasuwa na bar rubutun a buɗe na fita cefane, ita kuwa baiwar Allah ta zo ta dirje maɓallan nan tas, lungu da saƙo. Da na dawo, wallahi shafukan duk sun tafi, sai wasu haruffa birjik kamar inda kaji suka yi tono. Wa zan sake tambaya?

Da gudu na kai wa maƙwabciyarmu Jamila, wadda ke aikin bugun takardu a meri, ofishin magajin gari. Abin da ta fara tambaya, ko na kashe na'urar. Na ce tsoro ma bai bar ni na taɓa komai ba. Ta yi ta danna alamar komawa baya, ina tsaye ina salati, sai ga maganar Baba ta dawo cif. Kuka na fashe da shi a tsakar gidan mutane, ba kunya. Daga nan ta kulle rubutun: kowa zai iya buɗewa ya karanta, amma ba ya karɓar gyara ko shafewa sai da kalmar sirri. Ta kuma kwafa mini wani a kile, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa na'ura, na adana. Ni da gardama, na kifa tafin hannuna a kan maɓallan na danna iya ƙarfina, ko wasali bai gusa ba. Alhamdulillahi!

Ban gaya wa Inna ba, kai ma don Allah ka yi shiru. In ta san hannunta ne, ba za ta yafe wa kanta ba. Kuma ba zan hana ta gogewar nan ba, ita kaɗai ce hidimar da ta rage mata ta yi masa.

Ka gaishe mini da Kawu Sa'adu da Habibu. Inna da Najaha suna gaishe ka. Da ruwan farko ya sauka, ka taho ka zauna ka ji mahaifinka. Komai yana nan yadda ya faɗa, har da faɗan da ya yi maka na daɗewa a kudu, da albarkar da ya sa maka bayan ya huce.

Ni ce ƙanwarka,
Rashida