Ƙafar Dama Ta Ishe Ka

Zuwa ga hasken idona, sanyin zuciyata, inuwar da nake fakewa idan rana ta take tsaka, ruwan farko da ke sauka bayan ƙasa ta gaji da kallon sama. Zuwa ga maigidana, wanda ya iya kwance injin mota ya ɗaure ido rufe, amma ɗaga waya idan matarsa ta kira ya gagare shi.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, kamar yawan ganyen bishiyar ƙofar gidanmu, wadda har gobe ba ta fasa zubar da su a kan motarka ba, ni kuma ban fasa sharewa ba. Ya jiki? Ya ƙafar? Ka gaida min Yaya Babba, ka yi masa godiyar ɗawainiyar kai ka asibitin ƙashi da yake yi. Shi zai miƙa maka wannan takarda hannu da hannu, na kuma roƙe shi ya tsaya a kanka har ka kai ƙarshenta, tunda ita takarda ba ta da maɓallin da ake dannawa a katse ta.

Ya tauraron asubata! Shekara da shekaru mutane suna min jaje tun abu bai faru ba, wai wata rana tsohuwar motar tseren nan ta Japan za ta raba ni da miji. Ga shi ko ƙwarzane ba ta taɓa yi maka ba. Tsani ne ya kayar da kai, tsanin da ko taya ba shi da ita, kana ɗaura wa mutane faifan sola a rufin gida. Da aka sa maka ƙarfe a ƙafar hagu, likita ya ce sai an daɗe ana gashi, na yarda ka zauna can wurin Yaya, ni na dawo bakin aikina. Ban san har da shiru na yarda ba. Sai ga saƙonka ya shigo ina ɗakin malamai ina duba jarrabawa: “Ki sayar da motar. Ƙafar nan ba za ta ƙara taka kuloci ba. Ke ma kada ki ɗaure kanki da ni.” Da jan biro a hannuna na karanta. Maganar farko na ce a gwada, ta biyu na ce a bincika. Ta ukun sifili na ba ta, na ja mata layi biyu a ƙasa.

Kada ka ce ban yi biyayya ba. Na bari mai saye ya zo, wani ɗan gayu mai baƙin tabarau, ya zagaya ta yana shafa jan fentinta yana lumshe ido. Na miƙa masa makulli. Motar da ta kwana ba a taɓa ta ba, mai ko zaga jikinta bai yi ba, bawan Allahn nan yana tayar da ita ya danna totur har ƙasa. Ta yi wani ihu da sai da na ji shi a haƙorana. Ba kai ka koya min cewa inji kamar jariri yake, ba a tashinsa da tsawa ba? Na zura hannu ta taga na zare makullin.

Ya ce, “Hajiya, ai gwadawa nake.”

Na ce, “Ka gwada ta, ni ma na gwada ka. Ka gaida gida.”

Washegari da ita na tafi makaranta, ina fama da kulocin nan naka mai taurin kai, wanda sai na ƙanƙame sitiyari da hannu biyu nake iya danne shi. A madubi na ga wani shuɗin hayaƙi yana bin mu kamar gajimaren da ya ɓata hanya. Ana tashi na wuce garejin Malam Shiru, bakaniken nan naka mai amsa gaisuwa da gira. Ya saurara, ya shafo cikin salansa, bututun hayaƙin motar, da yatsa, ya shinshina, ya ce, “Tarbo.” Wato wannan dodon-koɗin ƙarfen da hayaƙi ke juyawa ya hura wa inji iska, wanda ka taɓa ƙarar da yini guda kana min bayaninsa, ina gyaɗa kai don kawai motsin bakinka nake kallo. Zobban cikinsa sun saki, mai yana zurarewa yana ƙonewa. Ya kwance shi, ya sake masa boris da zobba, ya wanke tiyon da ke kai masa mai. Duk ranar da ba makaranta ina can a tsaye a kansa. Yanzu haka, ya farin watana, matarka ta san zaro sandar gwada mai ta gane lafiyar inji daga launinta, ta san ba a buɗe lagireto da zafi, ta san fulogin da ya ci wuya daga tokar bakinsa. Ƙasan farcena ya yi baƙi. Shugabar makaranta ta tambaye ni ko wani sabon ado ne aka fito da shi, na ce mata eh.

A garejin nan ne asirinka ya tonu. Ka tuna kafin aurenmu, lokacin da kake ɗauko ni daga makaranta ka shiga ka gaida Baba? Muna isa ƙofar gida sai ka ce, “Ba a kashe mota mai tarbo nan take, sai ta huce.” Sai mu zauna. Inji yana gurnani a hankali kamar mage a cinya, kai kana kallon allura kamar mai gadin wani babban abu, ni ina kallon jijiyar bayan hannunka a kan giya. Ranar nan da ruwa ya tsuge, gilashi ya yi hazo, duniya ta ɓace sai mu kaɗai, a ranar ka fara kirana da sunan da har yau ba wanda ya taɓa jinsa sai ni da kujerun motar. Baba yana ɗaga labule yana saki, har ya taɓa tambayata ko motar saurayin nawa zazzaɓi take yi. Bayan aure ma ba ka daina ba. Ko daga kanti muka dawo sai mun zauna ta huce.

To, Malam Shiru yana bin wayoyi a ƙarƙashin sitiyari, sai ya zaro wani ɗan baƙin akwati da aka cire wa waya aka naɗe bakinta da kyau. Na ce mene ne wannan? Ya ce, “Mai jiran tarbo. Ki zare makulli ki yi tafiyarki, shi zai bar inji ya huce, ya kashe.” Na ce yaushe aka sa shi? Ya ce, “Tun bai san ki ba. Ni na sa.” Na ce wa ya cire wayar? Ya ɗaga gira, ya ci gaba da aikinsa.

Wayyo ni! Ashe duk zaman nan ba na tarbo ba ne? Mutumin da ya tsinke wayar motarsa da hannunsa don ya samu ɗan zama kusa da ni, shi ne yau yake min izinin tafiya? Na shiga bayan gareji wajen tulin tsofaffin tayoyi na yi kukana na more, na wanke fuska da ruwan da suke zuba wa lagireto, na dawo na ce ya mayar da akwatin yadda ya same shi.

Yanzu ka gyara zama, ya zumar rayuwata, ka kuma roƙi Yaya ya matsar da sandunan nan naka inda hannunka ba zai kai ba.

Na cire mata giyar hannu. Na sa mata otomatik.

Na sani. Na san me kake cewa a kan otomatik: motar masu gyangyaɗi, kujerar falo mai taya. Na ji ka faɗa a gaban baƙi, na ji ka faɗa wa maƙwabcinmu a kan sabuwar motarsa har ya yi wata bai gaishe mu ba. Amma na sa Yaya ya haɗa ni da mai yi maka gashi, na tambaye shi abu ɗaya: ƙafar dama fa? Ya ce lafiyarta ƙalau, ta fi tasa. To totur a dama yake, birki a dama yake. Kuloci kaɗai ke neman hagu, ni kuwa ban auri kuloci ba. Da na gaya wa Malam Shiru abin da nake so, sai da ya ajiye sifana ya zauna a kan jarka. A ranar ya yi magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa: “Ranar da zai dawo, ki gaya min da wuri in rufe gareji in yi tafiya.”

Amma ya yi aiki, Allah ya saka masa. Ya nemo giyar a wurin masu kayan gyara na hannu, ta irin motar ce sak, har da 'yar kwamfutar da ke sarrafa ta. Ya ƙara mata ɗan ƙaramin lagireto don man giyar kada ya yi zafi, tunda ka ƙara wa tarbon ƙarfi fiye da yadda masu ƙera ta suka yi niyya. Taka ta hannun ban yar ba. An wanke ta, an shafe ta da mai, na naɗe ta da bargon nan mai hoton damisa da ka ce ba ka so, tana ɗakin ajiya. Ban yanke ƙauna daga ƙafar hagu ba. Jiranta ne kawai ba zan yi ba.

Ban tsaya nan ba. Motar da ka sassauke har cikinta yana shafar ƙasa a kowane tudun rage gudu, na sa an ɗaga ta ta koma tsayin da aka haife ta da shi. Kujerar tseren nan mai kama da kwarya, wadda mutum ke faɗawa ciki sai an jawo shi, an cire ta, an mayar da ta asali, mai walda ya ƙara wa layin ƙarfen da take zamewa a kai tsawo don ƙafa ta miƙe. Salansar motar kuwa ban taɓa ba. Atishawar nan da take yi idan an saki totur ita ma tana nan. Ni ba azzaluma ba ce.

Saura gwaji. Mama ce ta ce ita za ta yi. Mahaifiyarka, da gwiwoyinta da ko tabarma ba ta sauka sai an riƙe ta, matar da ta rantse ba za ta taɓa shiga “akwatin ajalin nan” ba, ta zo da sandarta ta ce, “Idan na shiga da wannan gwiwar tawa, shi ma zai shiga.” Ta juya baya, ta zauna, ta jawo ƙafa ɗaya, ta jawo ɗayar. Ta fito. Ta sake shiga. Ta ce to tunda an shiga, a ɗan zaga. Na bari inji ya ɗumama, muka hau babban titin nan na bayan gari da ba kowa. Na taka a hankali, allura ta hau, sai tarbo ya yi fito, wani abu ya manna mu da kujera kamar guguwa ta rungume mu ta baya. Na saki da sauri, na juya in ba ta haƙuri. Ta gyara mayafinta, ba ta ko kalle ni ba, ta ce, “Iyakarta ke nan?” Da muka dawo ta daɗe ba ta buɗe ƙofa ba. Ta dafa sitiyarin ta ce, “Je ki ɗauko min ɗana.”

Ya ruwan sanyi a maƙogwaron mai ƙishi! Me kake zaton na aura? Gwiwa? Da gwiwa nake so, ai duniya cike take da gwiwoyi. Gidan nan ba kai kamar kogi ne da rani, gaɓa tana nan, yashi yana nan, abin da ya sa ake kiransa kogi ne babu. Ina ɗora ruwan shayi na mutum biyu in zubar da rabi. Rigar aikinka tana rataye a bayan ƙofa, na hana a wanke ta. Tsuntsayen bishiyar nan suna ta surutunsu da safe, ba mai fita da tsumma yana musu faɗa a kan fenti. Ka ɗingisa, zan rage sauri. Ka riƙe sanda, ɗaya hannun nawa ne. Idan ma kujera mai taya ce ta zama rabonka, na riga na auna, tana shiga bayan motar in an naɗe ta. Abin da ba zan iya ba shi ne wannan shirun. Ka yi fushi! Ka kira ni ka ce na lalata maka mota, na zubar maka da mutunci a idon masu tsere, ka yi ta faɗa har katinka ya ƙare, ni zan kira in ji sauran.

Ana ba da hutu zan taho, da ita. Ni zan tuƙo zuwa, dawowa kuwa ba ni ba ce. Kuma gara ka sani tun yanzu, ba lafiya lau take ba. Akwai wata 'yar ƙara da take yi daga gefen dama idan an rage gudu za a sha kwana, ƙis-ƙis-ƙis, kamar ɓera a cikin kwali. Ni ban gano ta ba. Malam Shiru ya saurara, ya ce ya san inda take, aikin ɗan lokaci ne, ya miƙa hannu zai ɗauki sifana. Na riƙe sifanar. Na ce ya bar ta, tana da mai ita.

Taka ce ni, da tudu da gangara, da rani da damina, har ranar da numfashi zai ƙare, bayan nan ma ina roƙon Allah ya sake haɗa ni da kai.

Matarka, wadda ba ta zuwa ko'ina sai wurinka.